Cikon haƙori: ire-irensa da yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓa

Cikon haƙori shi ne likita ya kankare wajen da ya ruɓe a haƙori, ya wanke kogon, sannan ya toshe shi da wani abu mai tauri don mutum ya ci gaba da tauna kuma ruɓar ta tsaya kafin ta taɓa jijiya. Kayan cikon sun bambanta a kuɗi da ƙarko da kala, kuma wanda ya fi araha ranar farko ba lallai shi ne mai arahar ba, domin duk lokacin da ciko ya fita aka sake sai an ƙara cin lafiyayyen haƙorin, kogon na ƙara faɗi.

Amalgam

Shi ne mai kalar azurfa ɗin nan da ake gani a turamen manya, wato haƙoran baya na tauna, in sun yi hamma. Kusan rabinsa zaiba ce, sauran kuma garin azurfa da kuza da jan ƙarfe, kuma an fi shekara 150 ana aiki da shi. Yana jure tauna sosai, yakan kai shekara 10 zuwa 15 wani ma ya wuce, ga shi ɗan yawu bai cika ɓata shi ba lokacin sawa, shi ya sa aikin ke sauri kuɗin ma da sauƙi. Matsalarsa baya manne wa haƙori, sai likita ya sassaƙa kogon yadda zai riƙe shi, sannan ga kalar da ba wanda zai yarda a sa mai a haƙorin gaba.

Maganar zaiba kuma ita ke korarsa daga kasuwa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta nemi ƙasashe su rage amfani da shi, galibi saboda gurɓata muhalli, Tarayyar Turai kuma ta hana shi daga Janairun 2025 sai in da lalura. A 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara da masu ciwon ƙoda su kauce mai in da hali. Amma fa hukumar ba ta ce a je a cire tsohon da ke zaune lafiya ba, cirewar ɓarnar kuɗi ce da ɓarnar haƙori kawai.

Farin ciko

Wannan shi ake kira kompozit, haɗin roba ne da garin gilashi, ya samo asali daga aikin Rafael Bowen a Amurka farkon shekarun 1960. Ana zaɓo kalar da ta dace da haƙorin mutum, a sa shi kaɗan-kaɗan kamar milimita 2 kowane zubi, ana haska mai shuɗiyar fitila yana daskarewa nan take. Da yake manne shi ake yi, ba a cin haƙori da yawa. Sai dai yana da tsirfa, dole wajen ya bushe ƙarau, ɗigon yawu ɗaya ko jinin dasashi ya taɓa kafin a gama to mannin ya raunana, kuma yana ɗan tsukewa in ya daskare wanda hakan kan bar ƙaramar kafa a gefe da sabuwar ruɓa ke bi ta shiga. Saboda haka hannun likitan na da tasiri a nan fiye da a amalgam. Ya fi amalgam tsada, kuma a babban kogo na turmi yawanci bai kai shi daɗewa ba, amma a ƙaramin kogo ko haƙorin gaba ba ma a tsayawa shawara.

Gilas ayonoma

Masu bincike Wilson da Kent suka fito da shi a Ingila wajen 1972. Yana kama haƙori da kansa, yana kuma sakin sinadarin fuloraid mai kare haƙori daga ruɓa a hankali, ga araha, har ana iya sa shi da kayan hannu ba injin ba lantarki, hanyar da aka fara gwadawa a Tanzaniya cikin shekarun 1980. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Rauninsa baya jure tauna mai ƙarfi, don haka ya fi dacewa da haƙoran yara da za su faɗi da kogon da ke gindin haƙori kusa da dasashi.

Zinare da tangaran kuwa sai an auna haƙori an ƙera a ɗakin aiki, sau da yawa zuwa biyu ake yi, suna daɗewa amma kuɗinsu ya ninka na sauran, mai lissafin aljihu ba nan zai fara ba.

Yadda ake zaɓa

Abu uku likita ke dubawa, inda haƙorin yake, girman kogon, da ko za a iya busar da wajen. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya haɗawa, farin ciko a gaba, mai araha a baya inda ba a gani. In haƙora da yawa ne suka lalace a fara da mafi zurfi, sauran a sa musu cikon wucin gadi, irin mai ƙamshin kanumfari ɗin nan, wanda ke riƙewa makonni ko 'yan watanni ba shekaru ba, kuma mutane da yawa da zarar zafi ya lafa sai su manta da shi har ya fita. Yana da kyau a tambaya tun farko ko kuɗin ya haɗa da hoton haƙori da allurar kashe zafi, masu inshora kuma su bincika don wasu tsare-tsaren kuɗin amalgam kawai suke biya a turame, ragowar kuɗin mai haƙori ne zai biya. In ruɓa ta riga ta kai jijiya, haƙori na zogi da kansa cikin dare, to ciko kaɗai ba zai yi ba, sai wankin jijiya ko cirewa.