Mai surutu ko mai shiru-shiru: wa karatun lauya ya fi yi wa sauƙi?

Da gaske ne sai mai baki ke iya karatun lauya?

A'a. Jama'a sun saba ganin lauya a kotu yana zuba hujja, shi ya sa ake wannan zato. Amma shekara 5 na digirin shari'a a jami'a, da shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962, yawancinsu karatu ne da rubutu. Ko a harabar makarantar da ke Bwari aka tura ka ko a ta Bagauda, alƙalami ne zai fitar da kai.

To ina hali ke shigowa?

A yadda karatun ke zauna wa mutum. Mai son jama'a ba ya gane darasi sai ya yi musu a kansa, don haka rukunin karatu da kotun gwaji, inda ɗalibai ke kwaikwayon zaman shari'a, suke masa daɗi. Mai shiru-shiru kuwa hayaniya gajiyar da shi take yi, ya fi son ya keɓe a laburare yana taƙaita hukunce-hukunce.

Akwai wani bambancin da ya fi wannan zurfi. Ɗauki shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda wata mata a Sukotlan ta ce ta sami dodon-koɗi a kwalbar abin sha. Wani ɗalibin labarin ne zai riƙe tsaf, har sunan garin. Wani kuma ƙa'idar kawai yake nema: me ya sa mai yin kaya zai ɗauki alhakin cutar da wanda bai yi ciniki da shi ba? Malami duka biyun yake so a takarda ɗaya.

Gwajin hali na Myers-Briggs da ke yawo a intanet fa?

Yana kasa mutane gida 16, kuma ba laifi a yi shi don sanin kai. Sai dai masana halayyar ɗan Adam suna sukarsa, domin mutum kan maimaita shi bayan 'yan makonni ya faɗa wani rukunin. Halin da bincike ya fi alaƙantawa da sakamako mai kyau shi ne himma da tsari, ba surutu ko shiru ba.

Me kowanne zai gyara?

Mai surutu ya riƙa rufe littafi yana amsa tsofaffin tambayoyi a rubuce, da agogo a gabansa, domin a musu ana iya ɓoye rashin sani. Mai shiru-shiru ya shiga kotun gwaji ko sau ɗaya a zango, tun kafin a tura shi zaman horo a kotu da ofishin lauyoyi.