Takardun Taskar Tarihin Amurka da Amfani da Su wajen Koyarwa

Taskar Tarihi ta Ƙasa ta Amurka, wadda aka fi sani da NARA, ita ce hukumar da ke ajiye takardun gwamnatin tarayyar ƙasar waɗanda aka yanke cewa ba za a taɓa zubar da su ba. Abin da ake ajiyewa kaɗan ne, domin cikin duk takardun da ma'aikatun tarayya ke samarwa, wajen kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ne ke isa taskar. Sauran a kan lalata su idan wa'adinsu ya cika. Daga wannan ɗan kason ne marubuta littattafan tarihin Amurka da masu shirya kayan koyarwa suke ɗebo da yawa daga cikin hotuna, wasiƙu, taswirori da dokokin da ɗalibai ke gani.

Kafuwarta

Amurka ta shafe kusan shekara 150 ba ta da taska ta ƙasa. Kowace ma'aikata tana tara takardunta a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da rumbunan haya, inda ruwa da ɓeraye da gobara suka ci da yawa. Shugaba Herbert Hoover ya aza harsashin ginin taskar a birnin Washington a 1933, Shugaba Franklin D. Roosevelt kuma ya sa hannu a dokar kafa ta a Yunin 1934. Masanin tarihi R. D. W. Connor ne shugabanta na farko. A 1949 aka mayar da ita ƙarƙashin wata hukuma, ba ta sake cin gashin kanta ba sai a 1985. Da ginin Washington ya cika, aka buɗe na biyu a College Park ta jihar Maryland a 1994, kuma a can ne yawancin takardun ƙarni na 20 suke, har da na harkokin waje. Akwai rassa a garuruwa irin su Boston, Atlanta, Chicago da Kansas City, sannan ga ɗakunan karatu na tsofaffin shugabanni, wanda na Roosevelt a Hyde Park ne na farko, a 1941.

Yadda aka jera takardun

Nan ne baƙon mai bincike ya fi yin tuntuɓe. Ba a jera takardun bisa maudu'i kamar littattafan laburare ba. An jera su ne bisa ofishin da ya samar da su, kuma an bar su a tsarin da ofishin ya ajiye su. Wanda ya taɓa aiki a Taskar Tarihi ta Kaduna, inda ake neman takarda a ƙarƙashin KANOPROF ko SOKPROF, ya riga ya san wannan ƙa'ida. A NARA kowace babbar hukuma tana da lambar rukuni, ana rubuta ta da haruffan RG. Hukumar ƙidaya ita ce RG 29, Ma'aikatar Harkokin Waje RG 59, ofisoshin jakadanci na ƙetare RG 84, kotunan tarayya na gunduma RG 21, hukumar kula da 'yantattun bayi kuma RG 105. Kowane rukuni ya kasu jeri-jeri, jeri ya kasu kwalaye, kwali ya kasu fayiloli.

Saboda haka wanda ya shigo yana neman takardun cinikin bayi ba zai tarar da su wuri guda ba. Sai ya fara gano ofishin da aikinsa ya sa shi rubuta wani abu game da bayi. Amsar tana iya zama hukumar kwastan, wadda ta riƙa karɓar jerin sunayen bayin da ake ɗauka a jirgin ruwa daga wata tashar Amurka zuwa wata, ko kotu, ko rundunar soja. Haka nan mai neman abin da jami'an Amurka suka rubuta game da Yaƙin Basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, RG 59 zai nufa. An kuma buga zaɓaɓɓun irin waɗannan takardu a jerin littattafan Foreign Relations of the United States, wanda ake fitarwa tun 1861.

A ɗakin bincike ana buƙatar katin shaida na mai bincike. Fensir kaɗai ake rubutu da shi, ba biro. Kwali ɗaya ake buɗewa a lokaci guda, fayil ɗaya ake zarowa, kuma ba a sauya jerin takardun ciki ko da sun yi kama da a hargitse suke, domin jerin kansa shaida ne. Wajen ambaton takarda a rubutu ana farawa daga ƙarami zuwa babba: takardar da ranarta, fayil, jeri, lambar rukuni, sai reshen da take.

Ƙidaya da giɓinta

Babu takardun da malamai da masu neman asalin zuri'a suka fi amfani da su kamar na ƙidaya. Ana yin ta duk shekara goma tun 1790, amma ba a sakin sunayen mutane sai bayan shekara 72. Shi ya sa ta 1950 ta fito ranar 1 ga Afrilun 2022, ta 1960 kuma sai 2032. Kafin 1850 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida sai lissafi. Daga 1850 aka fara rubuta sunan kowane mutum a gida, amma ban da bayi. A 1850 da 1860 an yi wa bayi takarda daban, inda aka jera su ƙarƙashin sunan ubangidansu da shekaru da jinsi da launin fata, ba suna. Mutum kusan miliyan 4 ne aka lissafa a haka a 1860. Sai a ƙidayar 1870 sunayensu suka bayyana, kuma a nan ne binciken yawancin iyalan baƙar fata yake cijewa idan ana komawa baya. Malamin da ya ajiye wa ɗalibai shafin 1860 kusa da na 1870 na gunduma ɗaya ya nuna musu abin da dogon bayani ba zai nuna ba.

Kurakuran ƙidaya sanannu ne. Mai ƙidaya yana rubuta suna yadda kunnensa ya ji, wani lokaci ma maƙwabci ne ke ba da amsa, shekarun mutum kuma sukan yi tsalle daga wata ƙidaya zuwa wata. Don rage matsalar rubutun suna aka shirya wa wasu shekaru fihirisar Soundex, wadda ke riƙe harafin farko ta mayar da sauran baƙaƙe lambobi uku, ta yadda Smith da Smyth duk suke faɗawa S530. Fihirisar 1880 ta ƙunshi gidajen da ke da yaro ɗan shekara 10 ko ƙasa ne kawai, don haka rashin ganin suna a cikinta ba hujja ba ce cewa ba a ƙirga mutumin ba.

Ƙidayar 1890 kuwa kusan babu ita. Gobarar da ta tashi a ginin Ma'aikatar Kasuwanci a Janairun 1921, da ruwan da aka kashe ta da shi, sun lalata ta, daga baya aka zubar da ragowar. Sunaye 6,000 da 'yan kai ne suka tsira daga cikin mutum sama da miliyan 60.

Hukumar 'yantattun bayi, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, ita ce ke cike wani ɓangare na giɓin kafin 1870. A takardunta akwai yarjejeniyoyin ƙwadago, rajistar aure, rabon abinci, rahotannin makarantu da ƙorafe-ƙorafen cin zarafi. Daga waɗannan da takardun soja ne masana a Jami'ar Maryland suka tsamo jerin littattafan Freedom: A Documentary History of Emancipation, aikin da aka fara a 1976.

Abin da ke lalata takarda

Asara mafi muni ita ce gobarar 12 ga Yulin 1973 a cibiyar ajiye fayilolin sojoji da ke St. Louis. Wutar ta cinye hawa na shida, inda babu na'urar fesa ruwa, ta hallaka fayiloli miliyan 16 zuwa 18. Kusan kashi 80 cikin 100 na fayilolin sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960 sun tafi, kuma ba kwafi, ba maikurofim, wato hoton takardu a ƙaramin fim. Kimanin miliyan 6.5 da aka tsamo a jiƙe an busar da su a ɗakunan zuƙe iska don gudun fumfuna. A Disambar 1978 wata gobarar a rumbun taskar da ke Suitland ta jihar Maryland ta ƙone miliyoyin ƙafa na finafinan labarai, domin tsohon fim na naitiret yana iya kamawa da wuta da kansa idan ya ruɓe a wuri mai zafi.

Akwai kuma lalacewar da ke tafiya a hankali. Takardar da aka yi da ɓawon itace tun ƙarshen ƙarni na 19 tana da asid, sai ta yi ja ta riƙa karyewa. Shi ya sa ake sa ta a fayil da kwali marasa asid, a cire ƙusar haɗa takarda da roba. Haske ma abokin gaba ne. Takardar Ayyana 'Yancin Kai ta 1776 ta yi shekara 35 a rataye daura da taga a Ofishin Rajistar Ƙirƙira, tawadarta ta kuma dusashe ƙwarai. Hoton da ake gani a littattafan makaranta, mai rubutu raɗau, yawanci ba na asalin ba ne, na kwafin da William Stone ya sassaƙa a farantin tagulla a 1823 ne. Asalin takardar da Tsarin Mulki na 1787 sun koma taskar daga Laburaren Majalisa a Disambar 1952, kuma tun 2003 suna cikin akwatunan da aka cika da iskar argon.

Kayan koyarwa

Kayan da aka gina a kan waɗannan takardu iri-iri ne. Akwai littafin Our Documents, mai takardu 100 daga 1776 zuwa dokar 'yancin zaɓe ta 1965. Akwai shafin DocsTeach da aka buɗe a 2010, inda malami zai zaɓi takardu ya haɗa darasi, da Founders Online na 2013 mai wasiƙun waɗanda suka kafa ƙasar, wato Washington, Jefferson, Adams, Madison, Hamilton da Franklin. Takardun aikin da taskar ke rabawa suna bin matakai huɗu: ɗalibi ya fara duban takardar gaba ɗaya, ya lura da sassanta kamar kwanan wata da hatimi da sa hannu, ya yi ƙoƙarin fahimtar abin da take faɗa da dalilin rubuta ta, sannan ya yi amfani da ita a matsayin hujja. A jarrabawar tarihin Amurka ta AP kuwa, wadda ɗaliban sakandare ke yi a kan darasi na matakin jami'a, ana ba ɗalibi takardu 7 da awa ɗaya ya gina muhawara a kansu.

Babbar matsalar da ake samu a aji ita ce ɗalibi ya ɗauka duk abin da ke da hatimin hukuma gaskiya ne. Shari'ar jirgin Amistad tana maganin wannan. A 1839 'yan Afirka 53, yawancinsu 'yan ƙabilar Mende daga yankin Saliyo, suka ƙwace jirgin Sifaniyawa da ke ɗauke da su a gaɓar Kyuba. Takardun jirgin sun ba su sunayen Sifaniyawa, suka nuna su a matsayin bayin da suka daɗe a Kyuba, alhali ba a jima da sato su ba. Ƙaryar takardun ce ginshiƙin shari'ar, kuma a Maris na 1841 Kotun Ƙoli ta sake su. Idan aka ba ɗalibai takardar jirgin tare da shaidar da aka bayar a kotu, su da kansu za su gano saɓanin. Sauran matsalolin sun haɗa da gutsure takarda har ma'anarta ta sauya, da sauƙaƙa lafazinta ba tare da an sanar da ɗalibi ba, da kuma yadda yara da yawa yanzu ba sa iya karanta haɗaɗɗen rubutun hannu na da.

Ya kamata a sani cewa ba duk muhimmiyar takarda ce ke NARA ba. Takardun jihohi suna taskokin jihohi, na mutane kuma sau da yawa suna Laburaren Majalisa. A can ne ake samun hirarraki sama da 2,300 da aka yi da tsofaffin bayi tsakanin 1936 da 1938, waɗanda ake karantawa da lura domin masu ba da labarin sun tsufa, yara ne lokacin bauta, kuma yawancin masu tambayar farar fata ne. A can kuma tarihin rayuwar Umar ibn Sa'id yake, malamin Futa Toro da aka bautar a Carolina, wanda ya rubuta shi da Larabci a 1831. Laburaren ya mallaki rubutun a 2017, ya sa shi a intanet a 2019.