Ma'anar "adon harshe", da katangar Robert Frost

Duk lokacin da wani ɗan siyasa ya yi katoɓara a kan mumbari, washegari sai ka ji kakakinsa a rediyo yana cewa, "Ai mai girma adon harshe ya yi, ba haka yake nufi ba." Kalmar ta zama tsumman goge ɓarna. Ko alkawarin titi aka karya, adon harshe ne.

Laifin kalmar "ado" ne, a ganina. Mun saba da ado a matsayin abin da ake sawa a cire: ɗan kunne, lalle, aikin wuyan riga. Sai mutane suka ɗauka adon harshe ma haka yake, in ka tuɓe shi magana ta koma yadda take. Alhali abin da malaman adabin Hausa ke nufi da shi, wato kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa da sauransu, cikin jikin maganar yake. Wanda ya kira abokin hamayyarsa kura ya faɗi abin da ke ransa ne, kuma ya faɗe shi fiye da wanda ya ce ɓarawo.

Akwai wata waƙar Turanci da nake komawa gare ta a kan wannan, Mending Wall, wato gyaran katanga, ta mawaƙin Amurka Robert Frost. Ta fito a 1914, layinta 45 kacal. Maƙwabta biyu ne manoma, tsakaninsu katangar duwatsu da aka ɗora ba siminti. Kowace shekara sanyin hunturu kan kumbura ƙasa duwatsun su zube, mafarauta ma su ƙara rusawa. In sanyi ya wuce sai su haɗu, kowa ta ɓangarensa, suna tafe suna mayar da duwatsu.

Mai ba da labarin yana ganin aikin banza suke yi. Gonarsa ta tuffa ce, ta maƙwabcin itatuwan daji ce, babu shanu ko ɗaya. Ya tsokane shi da cewa itatuwan tuffarsa ba za su tsallaka su ci 'ya'yan itatuwansa ba. Ka ga ya mai da bishiya dabba mai ƙafa da baki, don kawai ya nuna wa mutumin wautarsa. Shi kuwa maƙwabcin bai ce komai ba sai karin maganar da ya gada daga ubansa, cewa shinge mai kyau shi ke sa maƙwabtaka ta yi kyau. Sau biyu ya faɗa, kuma da ita waƙar ta ƙare.

Wannan layin ne ake ta yawo da shi ana cewa "in ji Frost", musamman in ana gardamar katangar iyakar Amurka da Meziko. Har Kotun Ƙolin Amurka ya shiga: a wata shari'a ta 1995 Mai Shari'a Scalia ya kafa hujja da shi, Mai Shari'a Breyer ya tuna masa cewa a waƙar nan dai akwai inda aka ce kafin a gina katanga ya kamata a san wa ake killacewa ciki, wa ake barin waje. Karin maganar ma ta girmi Frost. Ya sa ta ne a bakin mutumin da mai labarin ya kamanta da ɗan zamanin dutse riƙe da makami, mai tafiya cikin duhu.

To, a nan ne wasu ke tsayawa su ce ashe waƙar tana zagin katanga ne. Ni ban yarda ba, kuma wannan kamantawar ce ta sa. Mutumin da kuke aiki tare tun safe, bai zage ka ba, don ya ƙi dariyar barkwancinka sai ka kira shi bagidajen zamanin dutse? Kamancen ya fi tona mai yin sa. Ya nuna mana mutum mai ji da kaifin basirarsa, mai raina na kusa da shi. Sannan ga abin da masu saurin karatu ke tsallakewa: shi mai sukar katangar ne ke sanar da maƙwabcin lokacin gyara ya yi, kuma shi ke bin ɓarnar mafarauta yana toshewa shi kaɗai. Ranar gyaran nan kuwa ita ce ranar da muka gan su tare. Mu da muka ce zo mu zauna zo mu saɓa, muka kuma shuka gamba a iyakar gona, bai kamata mu yi saurin yi wa maƙwabcin dariya ba.

Frost ya karanta waƙar a Mosko a 1962, shekara ɗaya bayan an fara gina katangar Balin, wadda gwamnatin Jamus ta Gabas, ƙawar Mosko, ta raba birnin Balin gida biyu da ita. Ina tunanin wahalar da tafinta ya sha ranar, don ba shi da kakakin da zai fito washegari ya ce mawaƙin ba haka yake nufi ba.