Daga bakin anfi zuwa sitika: waiwaye kan barkwancin 'yan jami'ar Yamai

Wanda ya leƙa gurup ɗin WhatsApp na ɗaliban lissafi ko na kwamfuta a Jami'ar Abdou Moumouni zai ɗauka salula ce ta koya musu shaƙiyanci. Ga fuskar malami an mayar sitika, ga zanen jadawali mai nuna kuɗin burs, wato tallafin karatu, na ƙara nisa bashin mai shago na hawa, ga wasa da alamomin lissafi wanda in ba ka sha wuyar darasin ba ko murmushi ba za ka yi ba. Amma abin ya girmi salula nesa ba kusa ba.

A 1971 aka buɗe makarantar a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, sai a 1992 aka raɗa mata sunan masanin nan na makamashin hasken rana, shekara guda bayan rasuwarsa. Ɗaliban da suka riƙa taruwa a Harobanda, unguwar da jami'ar take, daga Damagaram, Tawa, Doso da Agadas kowa da wasansa na gado ya zo: Bagobiri na tsokanar Bazabarme, Bafulatani ba ya ƙyale Babarbare. Wannan taubasantaka ce UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2014. Abin da jami'a ta yi shi ne ƙirƙiro sababbin taubasai. Ɗan kimiyya ya ce ɗan adabi hira ya zo yi, ɗan adabi ya ce ɗan kimiyya bai iya gaida mutane ba, su biyun kuma su haɗu su tambayi ɗan likitanci ko jikokinsa ne za su karɓo masa digirin. Wanda ya maimaita aji har dama ɗaya ta rage masa, kartushar ake ce masa, mai harsashin ƙarshe ke nan, kuma shi ma yana dariya.

Ba wai zaman ya kasance na raha kullum ba. Ɗaliban nan ne aka buɗe wa wuta a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, uku suka mutu. A irin wannan yanayi barkwancin baka yana da wani amfani: ba shi da uba. Ya zaga anfi (babban zauren darasi), resto (ɗakin cin abincin ɗalibai) da fada, ba mai iya nuna wanda ya fara shi.

A waje kuwa tuni wasan ya hau kwamfuta. A 1982, a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, wani ya rubuta gargaɗin ƙarya bisa wata tambayar fizik, wasu suka ɗauka da gaske, shi ne masanin kwamfuta Scott Fahlman ya kawo shawarar a riƙa sa :-) don a san wasa ake. Intanet bai iso Nijar ba sai ƙarshen shekarun 1990, kuma a sibar kafe da awa ake biya. Wa zai ƙona kuɗinsa a kan raha alhali yana neman adireshin wata jami'a a Faransa?

Tsarin LMD, wato jerin digirin lisans, masta da dokta, ya zo, ɗalibai a ƙasashe masu Faransanci suka yi masa fassarar kansu, wai "Laisse-Moi me Débrouiller", wato "ƙyale ni in yi ta kaina". Sai Facebook ya shiga aljihu, WhatsApp ya biyo, sitika ta fito a 2018. Yanzu abin da aka faɗa a Yamai da safe, kafin azahar ya kai jami'ar Tawa. Ni a ganina barkwancin ya ƙara kaifi, don hoto na iya abin da baki ba ya iyawa.

Sai dai yanzu barkwancin ya yi uba. Kowane saƙo da lambar mai shi yake tafiya, kuma ɗaukar hoton allo ba ya cin daƙiƙa. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan zagi da ɓata suna. An cire ɗaurin a 2022, aka maido shi a Yunin 2024. Sitikar malami ko ta wani babba, wadda jiya za a yi dariya a wuce, yau tana iya zama shaida a gaban alƙali.