Magungunan kotikositiroyid a lokacin shayarwa

Kotikositiroyid rukunin magunguna ne da aka ƙera su yi aiki irin na kotizol, sinadarin da wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda suke samarwa. Suna kwantar da kumburi, suna kuma rage zafin garkuwar jiki idan ta wuce iyaka. Ana ba da su ga masu asma, amosanin gaɓɓai, borin jini da cututtukan fata. Cikinsu akwai firednisolon, haidirokotizon da dekzametazon. Mai shayarwa na iya amfani da galibinsu ba tare da ta yaye ɗanta ba.

Firednisolon shi aka fi bincika. A wani nazari da aka wallafa a 1985, an auna nonon mata shida masu shan miligiram 10 zuwa 80 a rana. Ko a mafi yawan adadin, abin da zai kai cikin jariri bai kai kashi 0.1 cikin 100 na abin da uwar ta sha ba, kuma bai kai ɗaya bisa goma na kotizol ɗin da jikin jaririn ke samarwa da kansa ba. Dama ruwan nono yana ɗauke da kotizol tun asali. Shi ya sa likitoci ba sa tsammanin illa idan adadin bai haura miligiram 40 a rana ba. In ya haura, kuma za a daɗe ana sha, akan shawarci uwa ta ba da nono kafin ta haɗiyi ƙwayar, sannan ta dakata kamar awa 4, domin maganin ya fi yawa a nono jim kaɗan bayan sha. A irin wannan hali ana bibiyar girman yaron, balle idan bakwaini ne.

Magungunan da ake shaƙa, irin su budesonid, ɗan abin da ke shiga jini ƙalilan ne. Na ɗigawa a ido ko fesawa a hanci ma haka.

Man shafawa kuwa yana son kula, don hatsarinsa ba ta cikin nono yake zuwa ba, ta bakin jariri ne kai tsaye. Idan za a shafa a kan nono, a zaɓi mara ƙarfi kamar haidirokotizon, a shafa bayan yaro ya gama tsotso, a goge tas kafin ya sake kamawa. Masu ƙarfi irin su kulobetasol a nesanta su da wurin, a kuma wanke hannu.

Dekzametazon ya fi daɗewa a jiki, bayanai a kansa kuma ba su da yawa, saboda haka likita kan fifita firednisolon in magani zai ɗauki lokaci. Babban adadi, har da allurar da ake yi a gaɓa, kan rage ruwan nono na 'yan kwanaki, sannan ya dawo in an ci gaba da shayarwa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne uwa ta yanke maganin farat ɗaya don tausayin jaririnta. Wadda ta sha fiye da mako 3, mai yiwuwa jikinta ya riga ya rage samar da nasa kotizol ɗin. Tsayawa kwatsam na iya jawo kasala mai tsanani, amai da faɗuwar awon jini ƙasa da kima, ciwon da ake magani kuma ya taso. Likita ne ke rage adadin sannu a hankali har a daina.