Zuwa gidan wasa a Ankara da mai buƙata ta musamman: tambayoyi da amsoshi

Yayana tela ne a Nima, wata unguwa a Ankara. Shan inna ya kama shi yana ɗan shekara huɗu, tun daga nan keke ne ƙafarsa. Ba abin da yake so kamar wasan kwaikwayo, irin na kan dandamali, ido na ganin ido, ni kuwa ni ne ɗan rakiyarsa shekara da shekaru. Shi ya sa duk wanda zai fita da tsohuwarsa ko ƙaninsa kurma kallon wasa a nan Ankara (tamu ta Ghana, ba ta Turkiyya ba) sai a turo shi wurina. Ga abin da aka fi tambayata, ga kuma amsar da nake bayarwa.

Wai alfarma ake yi mana, ko doka ce ta ce a tanadi hanya?

Doka ce. Sashe na 29 na tsarin mulkin 1992 ya ba masu nakasa haƙƙin shiga harkokin jama'a da na fasaha da nishaɗi, ya kuma ce duk wurin da jama'a ke shiga a yi masa tanadin da ya dace da su gwargwadon hali. A 2006 majalisa ta yi dokar masu nakasa, mai lamba 715, wadda ta ɗora nauyin a wuyan mai gini da mai gudanar da harka a cikinsa. An ba tsofaffin gine-gine shekara goma su gyara, wa'adin ya cika tun 2016. Ghana ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2012, wadda sashenta na 30 ya ambaci gidajen wasa da bakinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne hukuncin. Tara ce da ba ta wuce sidi 600 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba, ko duka biyun. Wanda ya iya ɗaukar hayar zaure ba zai ji sidi 600 a jikinsa ba.

Mu ma kuma muna da namu laifin a Zango. Mun saba ganin gurgu da makaho a ƙofar masallaci ranar Juma'a, har idonmu ya haɗa keken guragu da ƙoƙon bara. Na sha ganin maigadi ya hango Yaya tun daga nesa ya fara ɗaga masa hannu ya matsa gefe, alhali tikiti biyu ne a aljihunsa, shi ya biya mini nawa. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum 8 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara biyar, sama da miliyan biyu, suna fama da wata wahala ta gani ko ji ko tafiya da makamantansu. Ko don ciniki kaɗai, wannan ba jama'ar da mai sayar da tikiti zai kora ba ce.

An ce mini wurin yana da gangaren hawan keke. Shi ke nan, mu tafi?

Tsaya tukuna. Gangare suna ya tara. Ƙa'idar da magina suka sani ita ce kowane inci ɗaya na tsayi yana buƙatar inci 12 na tsawon gangare. Matakala uku masu inci shida-shida, wato inci 18, suna buƙatar gangare mai ƙafa 18. Abin da aka fi gani kuwa shi ne a kwaɓa siminti a yaɓa a gefen matakala, ƙafa biyar ko shida, wanda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau. Hukumar kula da inganci ta ƙasa ta fitar da ma'aunin gine-gine don masu nakasa a 2016, ba wai ba a san awon ba ne.

Sannan gangare zobe ɗaya ne a cikin sarƙa. Daga inda tasi za ta ajiye ku, akwai kwatar da za a tsallaka? Tagar tikiti ta yi wa mai zaune tsawo? Ƙofa ta kai faɗin santimita 80 zuwa 90? A ciki, ina zai zauna? Banɗaki fa? Zobe ɗaya ya katse, daren ya lalace.

Bari in ba da namu. Wani dare muka je wani zaure, ba zan kama suna ba, bayan an tabbatar mana a waya cewa “babu matsala”. Muka iske matakala huɗu a ƙofa. Kafin in buɗe baki, shugaban masu gadi ya yafito samari huɗu, suka cicciɓi Yaya da kekensa ba tare da wani ya tambaye shi ba. Ɗayansu ya kama maɗorin ƙafa, wanda cirewa ake yi, ya fito a hannunsa, keken ya karkace, hular Yaya ta faɗi ta gangara har ƙasa, mutanen da ke layi suna ta “ayya, ayya”. Aka ajiye shi can baya kusa da ƙofa, ni kuma kujerata tana layi na tara. Banɗakin da aka manna wa alamar keke, bokitai da tsintsiya ne cike a ciki, makulli kuma yana hannun wanda ya tashi aiki. Da ma Yaya bai sha ruwa ba tun la'asar, don ya san halin. A hanyar gida ya daɗe bai ce uffan ba, sai da muka kusa kasuwar Nima ya ce, “Ƙanina, kuɗi ɗaya na biya da kowa, amma kamar buhun masara aka shigar da ni.”

Samarin nan ba mugunta suka yi ba. Ba wanda ya taɓa koya musu ne.

To me zan tambaya kafin in tura kuɗin tikiti?

Kada ka tambaya “mai keke zai iya shiga?” Kowa “i” zai ce maka. Tambayi abin da ake ƙirgawa: matakala nawa ne daga titi zuwa kujera, ta wace ƙofa za mu shiga, wurin keke yana wane layi, ɗan rakiya zai zauna a gefensa ko kuwa, banɗakin a buɗe yake. Idan wanda ya ɗauki wayar ya fara inda-inda, roƙe shi ya taka ya ɗauko maka hoto ya turo ta WhatsApp. Karɓi sunansa, ka nemi sanin ko zai kasance a wurin ranar. Duk wannan kafin kuɗi su bar MoMo ɗinka, wato asusun kuɗinka na waya, don dawo da su aiki ne.

Ka kuma san da wa kake magana. Ɗauki misalin babban gidan wasa na ƙasa, National Theatre, ginin nan mai kama da jirgin ruwa da Sin ta gina aka buɗe a 1992, mai ɗaukar kusan mutum 1,500. Yana da ƙungiyoyinsa uku na rawa da kiɗa da wasan kwaikwayo, amma wasanni da yawa da ake yi a ciki na masu haya ne, irin kamfanin Roverman na Uncle Ebo Whyte. Haka abin yake a yawancin zaurukan gari: lambar da ke jikin takardar talla ta mai shirya wasa ce, shi ke da tikiti da tsarin zama, amma ƙofofi da lif da banɗaki na masu gini ne. Kira su duka biyun.

Tikitin ɗan rakiya kuma ka tambaya, kada ka ji kunya. A Ingila gidajen wasa da dama kyauta suke ba shi. Nan sai an nema, kuma wanda bai nema ba bai san me zai samu ba.

Ƙanina kurma ne. Zai ƙaru da wani abu?

Ya danganta da irin wasan. Rawa da kiɗan ganga ba sa neman tafinta, manyan gangunan Asante a ƙirji ake jin su. Wasan da ke tafe a kan magana kuwa sai da mai fassara da hannu, kuma ba a tsaya shi a lungu cikin duhu ba: a gefen dandamali, da fitila a kansa, kuramen kuma a zaunar da su inda za su ga hannunsa da 'yan wasa a kallo ɗaya. Wasan awa biyu ya fi ƙarfin mutum ɗaya, biyu ake so suna karɓa-karɓa, a kuma ba su rubutun wasan tun da wuri, don barkwancin da ya faɗo wa tafinta ba shiri mutuwa yake yi a hannunsa. Ƙungiyar kurame ta ƙasa, GNAD, ita ce ƙofar da mai shirya wasa zai ƙwanƙwasa.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Maganar hannu ta Ghana a makaranta ta yaɗu, tun daga wadda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya buɗe a Osu a 1957, daga baya ta koma Mampong ta Akuapem. Kurman da ya tashi a Zango ba a kai shi irin wannan makaranta ba, alamun gida yake yi, ba lallai ya fahimci tafintan ba. Idan ƙaninka haka yake, ba shi labarin wasan a gida tukuna, ka zauna a gefensa.

Mai ƙarancin ji kuwa a nema masa gaba-gaba, inda zai ga bakin 'yan wasa.

Makaho fa, ba ɓarnar kuɗi ba ce?

Wa ya faɗa maka? Rabin wasan Ghana a baki yake, magana da waƙa da habaici. Abin da ke kuɓuce masa shi ne inda zaure ya fashe da dariya saboda wani ya ɓuya a bayan kujera. A wasu ƙasashe akwai mai bayyana abin da ke faruwa ta na'urar kunne, har a kai makafi kan dandamali kafin a fara su shafa kaya da tufafi. Kafin mu kai can, kai ne mai bayanin: ku zauna a bakin layi, ka riƙa raɗa masa a tsakanin maganganu, a taƙaice.

Wajen jagora, shi zai kama gwiwar hannunka, kai kana gaba da taku ɗaya. Ba a jan sandarsa. In kun iso, ɗora hannunsa a bayan kujerar, zai zauna da kansa.

Hajiyarmu ba nakasa gare ta ba, gwiwa ce kawai da ciwon suga.

Nema mata ƙasa, ba bene ba, kujerar bakin hanya, kusa da ƙofar da ke kallon banɗaki. Ku je da wuri kafin a kashe fitilu. A riƙo mata mayafi mai kauri saboda na'urar sanyi. Wurare da yawa ba sa barin abinci a ciki, sai ka yi wa mai ƙofa bayani tun da fari cewa dabino ko biskit ɗin nan na lalura ne. Ka kuma duba lokaci: wasan ƙarfe huɗu magariba yake cinyewa, Hajiya kuma ba za ta yafe maka ba. Tambayi inda za a yi alwala tun kuna shiga.

Mai farfaɗiya a tambaya masa ko akwai fitilu masu walƙiya a wasan.

Ni aikin ƙofa nake yi a irin waɗannan wurare. Me ake so in yi?

Madalla da kai, don samarinmu na Nima da Maamobi da Madina da yawa suna wannan aiki, kuma daren baƙo a hannunku yake fiye da hannun wanda ya zana ginin. Abu na farko tambaya: “Baba, in taimaka? Ta yaya?” Sai ka jira amsa. Keke jikin mutum ne, ba a kama shi ba izini, ba a jingina da shi, ba a rataya masa jaka. In dole sai an ɗaga, mai keken ne zai nuna inda za a riƙe. Yi magana da shi kansa, kada ka tsallake shi ka tambaye ni “me yake so?” yana zaune yana jin ka. Kurma ka fuskance shi cikin haske, ko ka rubuta masa a waya, ihu ba ya ƙara komai. Ka kuma riƙe “Allah sarki” ɗinka, kallo ya zo yi.

Sai babban abin da ba a son tunawa. In wuta ta ɗauke, ko gobara ta tashi, ba a shiga lif. Kafin a ɗaga labule, ka san layin da kowane mai keke da kowane makaho yake, ku kuma raba tsakaninku wa zai je wurin wa. Kurma ba ya jin ƙararrawa, sai an je an taɓa shi.

In an wulaƙanta mu, ina za mu kai kuka?

Fara da manajan da ke wurin a daren, cikin sanyin murya, ba da maigadi ba. Ɗauki hoton matakala ko banɗakin, ka ajiye tikitinka da saƙon MoMo. Washegari rubuta takarda, ka ambaci doka ta 715, ka faɗi takamaiman abin da kake so a gyara. In an yi kunnen uwar shegu da kai, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ, ba a biyan ko kwabo, kuma ana karɓar ƙorafi ko da baki ne. Akwai kuma majalisar ƙasa ta masu nakasa da dokar ta kafa, da gamayyar ƙungiyoyinsu, GFD.

Mu takarda muka rubuta wa zauren nan da aka cicciɓi Yaya, Yaya yana faɗa ina rubutawa. Ba su amsa ba. Bayan wasu watanni muka koma, sai ga gangaren katako a gefen matakalar, an shafa masa fenti. Yaya ya ce in tsaya. Ya zaro tef ɗin awonsa daga aljihun gaba, ya ba ni baki ɗaya, muka auna: tsayi inci 24, tsawo ƙafa 10, inda ake son ƙafa 24. Shugaban masu gadin, wancan dai na ranar, yana tsaye yana kallonmu. Yaya ya rubuta masa lambobin biyu a bayan tikiti ya ce ya kai wa manaja. Mutumin ya ninke ya sa a aljihu, sannan ya sunkuyo ya ce, “Alhaji, ta ina zan riƙe?”