Gwajin ruwan rijiyar burtsatse

Gwajin ruwan rijiyar burtsatse shi ne ɗibar samfurin ruwa daga rijiyar da aka haƙa da inji, a kai shi ɗakin gwaje-gwaje domin a tantance ko yana ɗauke da ƙwayoyin cuta ko sinadaran da ke cutar da mai sha. A Jos da Bukuru, inda ruwan famfon gwamnati ba ya wadatar da unguwanni da dama, magidanta da masallatai da makarantu sun koma haƙa tasu rijiyar, wadda jama'a suka fi kira bohol, kuma 'yan garuwa daga nan suke cika jarkokinsu. Mafi yawan masu irin wannan rijiya suna yanke hukunci ne da ido da harshe: in ruwa ya fito garau, babu wari babu zartsi, to ya yi. Gwajin ya samo asali ne daga gano cewa abubuwan da suka fi illa a cikin ruwa ba su da launi, ba su da ɗanɗano.

Tarihi

A shekarar 1854, lokacin da annobar kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen da aka yi rasuwa yana ƙirga su, ya ga sun taru ne kewaye da wani famfon hannu da ke titin Broad. Mutanen unguwar suna yabon ruwan wannan famfo, har akwai wadda take aikawa a ɗebo mata shi daga nesa. Daga baya aka gano cewa rijiyar tana dab da wani tsohon ramin masai. A wancan zamani galibin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar, don haka ba a karɓi ra'ayinsa nan take ba, sai bayan da Robert Koch na Jamus ya ware ƙwayar kwalara a wajen 1883 zuwa 1884.

A 1885 wani likitan yara, Theodor Escherich, ya bayyana wata ƙwaya da ke zaune a hanjin ɗan Adam, wadda a yau ake kira E. koli. Ita ce ta zama ginshiƙin gwajin ruwa har zuwa yanzu, saboda neman kowace ƙwayar cuta ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai tsada da ɗaukar lokaci, amma samun wannan ƙwaya a ruwa shaida ce cewa bayan gida ya isa gare shi, kuma duk hanyar da ta bi, kwalara da taifod za su iya bi.

Ɓangaren sinadarai ya zo a makare. A 1945 wani likita a jihar Iowa ta Amurka ya danganta wata cuta da ke sa fatar jarirai ta yi shuɗi da yawan naitiret, wani sinadari da ke shiga ruwa daga taki da bayan gida, a ruwan rijiyoyin gona. Darasi mafi tsanani ya fito ne daga Bangaladash, inda tun daga shekarun 1970 aka haƙa rijiyoyin burtsatse da yawan gaske domin raba jama'a da ruwan tafki mai kawo gudawa. Gudawar ta ragu, amma ba a gwada ruwan don neman asanik ba, sai a wajen 1993 aka tabbatar cewa miliyoyin mutane suna shan wannan guba da ke fitowa daga ƙasar kanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auninta na farko na ruwan sha a 1958. Najeriya ta samu nata ma'aunin a 2007 ta hannun SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, aka sabunta shi a 2015.

Yanayin ƙasar Jos

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma ƙarƙashinta dutse ne mai tauri wanda ba ya tsotse ruwa. Ruwan da bohol ke samu yana taruwa ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogin da ke ƙasa. Wannan ne ya sa gidaje biyu masu katanga ɗaya za su iya samun ruwa daban-daban, kuma sakamakon gwajin maƙwabci ba ya zama hujja ga wani. Tsaga ba ta tace ruwa yadda yashi ke yi, saboda haka ƙazantar sokawe tana iya tafiya mai nisa a cikinta ba tare da ta ragu sosai ba.

Haƙar kuza da Turawa suka fara a farkon ƙarni na 20, a wajen 1904, ta bar kududdufai da tarin ƙasar da aka wanke a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi. Cikin wannan ragowar ƙasa akwai ma'adinai irin su monazayit masu fitar da tururin nukiliya, don haka masana kan ba da shawarar a faɗaɗa gwajin rijiyar da ke kusa da tsohon wurin haƙa ya haɗa da ƙarafa masu nauyi. Yawan haɗarin da wannan ke jawowa ga ruwan sha abu ne da bincike bai zo ɗaya a kansa ba. A kudancin jihar Filato kuma, musamman yankin Langtang, an daɗe da sanin matsalar yawan sinadarin fulorayid a ruwa, wanda ke sa haƙoran yara su yi dabbare-dabbare masu ruwan ƙasa.

Abin da ake nema

Gwajin ƙwayoyin cuta shi ne kan gaba, kuma ƙa'idarsa ba ta da sassauci: kada a samu E. koli ko ɗaya a cikin mililita 100. Ana tace ruwan ta wata 'yar takarda mai ramuka ƙanana, a ɗora ta a kan abincin ƙwayoyin, a ajiye cikin ɗumin kimanin digiri 44 na tsawon yini guda, sannan a ƙirga ɗigon da suka tsiro.

A ɓangaren sinadarai, iyakar naitiret miligiram 50 ce a lita, fulorayid 1.5, dalma da asanik kuma 0.01 kowanne. Ƙarfe iyakarsa 0.3 ce, kuma shi ne wanda masu gida suka fi kawo kuka a kansa, domin yana sa ruwan da ya fito fari ya koma ja bayan ya kwana a bokiti, yana ɓata fararen kaya, yana barin tsatsa a bangon tanki, alhali illarsa ga lafiya kaɗan ce in aka kwatanta da naitiret da ba a gani. Ma'aunin tsami, wato pH, ana so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, domin ruwa mai tsami yana cin bututun ƙarfe.

Ɗibar samfur

A nan ne gwaji ya fi lalacewa. Gorar lemo da aka ɗauraye ba ta dace da gwajin ƙwayoyin cuta ba, kwalbar da aka kashe ƙwayoyin cikinta ake karɓowa daga ɗakin gwajin. Ana goge bakin famfon ko a ɗan ƙona shi da wuta in na ƙarfe ne, a bar ruwan ya zuba na 'yan mintuna, a buɗe kwalbar ba tare da yatsa ya taɓa cikin murfin ba, a cika ta a bar ɗan fili a sama. Daga nan sai a sa ta a kula mai ƙanƙara a kai ta cikin awa 6, kada a wuce awa 24 ko ta halin ƙaƙa. Ya fi kyau a ɗebi samfur biyu, ɗaya kafin ruwan ya hau tanki, ɗaya daga famfon da ake sha, saboda sau da yawa rijiyar lafiyarta lau, tankin da ya rasa murfi ne ƙadangare ya faɗa ciki.

Ana son a yi gwaji da zarar an gama haƙa, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma tsakiyar damina ya fi nuna gaskiya fiye da rani.

Bayan sakamako

In an samu ƙwayoyin cuta, ana zuba kulorin mai ƙarfi a rijiyar da tankin, a wanke su, a gyara daɓen simintin da ke bakin rijiyar, sannan a sake gwaji. In sun dawo, ana zargin masai ko sokawe. Tazarar da aka fi ambata tsakaninsu da rijiya mita 30 ce, abin da filoti ɗaya a cunkoson Gangare ko Unguwar Rogo ba ya bayarwa. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire naitiret ko fulorayid, ƙara musu kauri ma take yi yayin da ruwan ke ƙafewa.

Doka

Hukumar NAFDAC tana sa ido kan ruwan leda da na gora da ake sayarwa. Rijiyar cikin gida kuwa, a aikace, gwajinta ya rage ga mai ita. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa na ƙasa, wanda aka yi ta jayayya a kansa, har da batun lasisin haƙa bohol, ya sha zuwa gaban majalisar tarayya tun daga wajen 2018, kuma majalisar dattawa ta yi watsi da shi a 2023.